Ina son shiga karatun nas na shekara biyu a Amurka, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekarata huɗu a Bronx, ina da girin kad, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Na gama sakandare a Kano a 2013, ina da sakamakon WAEC, ban yi jami'a ba. 'Ya'yana biyu. Ina so in zama cikakkiyar nas, wato RN, kuma an ce mini akwai kwas na shekara biyu a kwaleji. Wata ƙawata ta ce in bar wannan wahalar, akwai makarantar kuɗi da za ta ɗauke ni wata mai zuwa ba tare da wata jarrabawa ba. Don Allah ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin hanyar da kike son bi ita na bi, kuma yau ina aikin jinya, ina kuma raka ɗalibai asibiti a kwanakin koyon aiki. Wadda ta yi shekara huɗu tana ɗaga tsoho daga gado, tana yi masa wanka, tana lura da numfashinsa da launin fitsarinsa, ta riga ta san abin da yawancin masu neman gurbin nan ba su taɓa gani ba. Wannan jari ne a hannunki. Amma zan faɗa miki gaskiya tun daga farko: ba da shi ake ba da gurbi ba.

Ƙofa biyu ce a gabanki, kuma mutanenmu da yawa ɗaya suke zato. Ta farko ita ce shiga kwalejin kanta. Kwalejojin al'umma, waɗanda a nan ake kira kwamuniti kwalej, kusan duk mai shaidar gama sakandare suna ɗaukarsa. Ta biyu ita ce shiga sashen jinya da ke cikin kwalejin, kuma nan ne ake turereniya. Ranar da wasiƙar kwaleji ta zo tana yi miki barka, ki yi murna, amma ki sani ba ki zama ɗalibar jinya ba tukuna. An ba ki izini ne kawai ki fara kwasa-kwasan share fage, kuma makin da za ki ci a waɗannan kwasa-kwasan shi ne zai yanke hukunci. Kafin ranar da za ki cike fom ɗin sashen jinya, kusan an gama magana, fom ɗin lissafi ne kawai na abin da kika riga kika shuka. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan ya taso.

Digirin da kike nufi sunansa ADN, wasu kwalejoji suna rubuta ASN ko AAS, duk abu ɗaya ne a wajen hukumar lasisi. Asalinsa ƙarancin ma'aikatan jinya ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wata malama, Mildred Montag, ta kawo shawarar a kundin digirinta na uku a Jami'ar Columbia, nan birnin New York, wanda aka wallafa a 1951, cewa a fitar da koyar da jinya daga hannun asibitoci a kai shi ƙananan kwalejoji a shekara biyu. A 1952 aka fara gwadawa. Wanda ya gama yana zama jarrabawar lasisi iri ɗaya da wanda ya yi digirin shekara huɗu, kuma RN ɗin da za a rubuta a bajensu ɗaya ne.

Sai dai "shekara biyu" ɗin nan daga ranar da sashen jinya ya ɗauke ki ake fara ƙirgawa. Ki ɗora shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi na share fage, wani lokaci da 'yan watannin jira. Mai aiki da 'ya'ya biyu irinki, ki sa wa ranki shekara uku da rabi zuwa huɗu. Ki faɗa wa maigida wannan adadin tun yanzu, kada ki ce masa biyu, ya zo a shekara ta uku yana ganin kamar kin faɗi ne.

Ƙofar farko ba ta da wuya. A inda kike akwai kwalejojin CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York: Bronx Community College da Hostos duk a Bronx suke, ga BMCC a Manhattan, ga LaGuardia da Queensborough a Queens, ga Kingsborough a Brooklyn. Za su nemi shaidar gama sakandare, kuma WAEC ɗinki tana tsaya miki a nan. Wasu kwalejoji su ke duba takardun waje da kansu, wasu kuma su tura ki wajen kamfanonin tantancewa irin su WES ko ECE. Kada ki biya kowa kuɗi sai kin ji daga bakin ofishin ɗaukar ɗalibai wanne suke karɓa. 'Yan'uwanmu na Nijar masu bakaloriya da Faransanci sai sun haɗa da fassarar da aka tabbatar. Kuma kada ki ɗauka kiredit ɗinki na Bayoloji da Kemistiri a WAEC zai ɗauke miki kwasa-kwasan kwaleji. A gida da kiredit biyar ake shiga makarantar koyon jinya, a nan kuwa matsayin WAEC shaidar sakandare ne, iyakarta ke nan.

Ki zauna yau ki baje takardunki a kan gado ki duba sunanki. Wannan matsalar tamu ce ta musamman. Sai ka ga WAEC ta ce Aishatu, fasfo ya ce Aisha, girin kad ya ɗauki sunan miji, takardar haihuwa kuma ta sa sunan gari. A gida kowa ya san mutum ɗaya ce, amma kwamfutar nan ba ta sani ba. Ranar jarrabawar lasisi, idan sunan da kika yi rajista da shi bai dace da na katin shaidarki ba, za a mayar da ke daga bakin ƙofa, kuɗinki ya tafi. Ki zaɓi sunan da ke kan katin gwamnati, ki riƙa amfani da shi harafi da harafi a kowane fom, ki kuma tanadi takardar aure ko ta rantsuwa da ke bayyana bambancin.

Yanzu mu zo kan share fage, inda nake so ki buɗe kunne sosai. Jerin ya ɗan bambanta daga kwaleji zuwa kwaleji, amma ginshiƙan ba sa canzawa: Anatomi da Fisiyoloji kashi na ɗaya da na biyu, wanda kowa ke kira A&P, sai Maikurobayoloji, sai rubutun Turanci, sai ilimin halayyar ɗan Adam, sai lissafi, wasu wuraren da Kemistiri. A takarda za a ce miki C ya isa. Haka ne, C ya isa a karɓi fom ɗinki. Amma masu nema sun ninka kujeru, kuma za a jera ku ne daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, a ja layi inda kujerun suka ƙare. Dalilin ƙarancin kujerun ba mugunta ba ce. Malamar jinya ɗaya ɗalibai takwas zuwa goma take iya rakawa ɗakin marasa lafiya, asibitoci kuma suna da iyakar ɗaliban da za su karɓa, malaman ma ba su da yawa. Don haka wadda ta tara C ta cika sharaɗi, amma layin yana tsayawa nesa da ita.

Ni kaina a nan na yi tuntuɓe. A zangona na biyu na haɗa A&P na ɗaya da Kemistiri da Turanci, ga aikin dare kwana huɗu a mako, don ina ganin shekaruna suna tafiya. Ina tuna ranar jarrabawar ɗakin gwaje-gwaje: an jera ƙasusuwa a kan tebura, kowanne an liƙa masa 'yar lamba, ana ba ka kamar minti ɗaya a kowane tebur, ƙararrawa ta buga ka matsa gaba. Na tsaya a gaban ƙoƙon kai, ga wani ɗan rami a gindinsa an soka masa tsinke, na san na karanta sunansa da asuba a cikin jirgin ƙasa, amma kaina fayau. Ban yi barci ba tun jiya. Na fito da C. Wannan C ɗin guda ɗaya ya jawo mini jiran shekara guda cur, domin kwalejin da na nema da makin zaman farko take lissafi. Da na ɗauki kwas ɗin shi kaɗai, da na riga kaina shiga da shekara ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Saboda haka shawarata gare ki, kimiyya ɗaya a kowane zango, ki haɗa ta da kwas mai sauƙi guda ɗaya, ki nemi A. Kada ki ɗauki A&P a gajeren zangon bazara na mako biyar ko shida, inda ake dunƙule karatun wata huɗu, sai fa idan za ki ajiye aiki. Kafin ki yi rajistar kwas ko ɗaya, ki nemo littafin dokokin sashen jinya na kwalejin, ki karanta abin da ya ce game da maimaita kwas. Wasu suna yarda a maimaita sau ɗaya tak. Wasu suna haɗa makin farko da na biyu su raba. Wasu ma idan kika janye daga kwas aka rubuta miki W, suna ƙirga shi a matsayin zama ɗaya. Ki kuma duba wa'adin kwasa-kwasan kimiyya, domin wurare da dama ba sa karɓar A&P da ya wuce shekara biyar ko bakwai. Na ga matan da suka fara, haihuwa ta zo, suka dawo bayan shekaru aka ce su sake daga farko.

Wani abu da ke taimakawa a A&P: kalmomin daga Latin da Girkanci suke, kuma ɗan Amurka ma baƙi ne a wurinsa. A nan ba ya fi ki komai. Mu da muka taso da hadda tun daga makarantar allo, riƙe sunaye ɗari biyu ba ya ba mu tsoro. Inda muke shan wahala shi ne tambayar da ke cewa ga abin da ya faru, me zai biyo baya. Ki saba wa kanki da tambayar "saboda me". Idan kin haddace cewa ƙoda tana sakin sinadarin renin, ki tsaya sai kin iya bayyana wa 'yarki da Hausa dalilin da ya sa faɗuwar hawan jini ke jawo hakan, da yadda abin ke zagayowa ya ɗaga jinin. Abin da kika iya faɗa da Hausa kin fahimce shi.

Bayan maki sai jarrabawar shiga. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce TEAS ta kamfanin ATI, wasu kuma HESI A2 suke so, wasu ta Kaplan ko ta NLN. Ki tabbatar da wadda kwalejinki ke nema kafin ki sayi littafi. TEAS tambaya 170 ce cikin minti 209, kashi huɗu: karatu da fahimta, lissafi, kimiyya, da ƙa'idojin Turanci. Kimiyyar ce mafi yawa, tambaya 50, kuma kaso mafi girma a cikinta jikin ɗan Adam ne, don haka lokacin da ya fi dacewa ki zauna shi ne kina gama A&P na biyu, abin yana ɗanye a kanki. Mutanenmu sukan ji tsoron lissafi, amma a abin da na gani, kashin karatu ne ya fi kayar da mu. Ba rashin jin Turanci ba ne, agogo ne. Tambaya 45 cikin minti 55, da dogayen sakin layi. Mun saba karantawa a tsanake, mu maimaita. Ki riƙa gwaji da agogo a gabanki tun wata biyu kafin ranar. Ita ma wannan jarrabawar akwai iyakar sau nawa za a karɓa, don haka kada ki shiga da niyyar "bari in ga yadda take".

Lissafin kuwa ki riƙe shi da kyau, domin ba zai rabu da ke ba. Misali, likita ya rubuta miligiram 750, kwalbar maganin ta ce miligiram 250 a cikin mililita 5, nawa za ki zuba? Mililita 15. Yaro ya hau sikeli ya nuna fam 44, maganin kuma da kilo ake auna shi, sai ki raba da 2.2, ya ba ki kilo 20. A cikin sashen jinya ana yin jarrabawar auna magani kusan kowane zango, kuma makin tsallakewa yakan kai 90, wasu wuraren sai 100. Ina goyon bayan wannan tsananin ɗari bisa ɗari. Ɗigo ɗaya da ya gusa a lissafi yana mayar da magani ninki goma a jikin jariri.

Kowace kwaleji tana yin zaman bayani ga masu neman sashen jinya, wasu ma sun wajabta halarta. Ki je. Ki ɗaga hannu ki tambayi GPA, wato matsakaicin makin kwasa-kwasai, da makin jarrabawa na mutum na ƙarshe da aka ɗauka bara. Wannan shi ne layin gaskiya, ba wanda aka buga a takarda ba. Ki tambaya ko ana ba da ƙarin maki ga mai satifiket ɗin CNA, wato na mataimakin nas, ko mai ƙwarewar aiki, tunda wasu suna bayarwa, kuma ke kina kusa da shi. Ki tambaya ko suna fifita wanda ya yi share fagensa a wurinsu, domin wannan zai nuna miki inda ya kamata ki fara tun farko. A Kalifoniya wasu kwalejoji ƙuri'a suke jefawa tsakanin waɗanda suka cika sharaɗi, amma a yawancin wurare maki ne ke magana.

Sai maganar ƙawarki. Ba na zarginta, alheri take nufi, kuma akwai makarantun kuɗi na ƙwarai. Amma makarantar da za ta ɗauke ki wata mai zuwa ba tare da ta duba komai ba, ki tambayi kanki me take so a wurinki. Abu uku za ki bincika da kanki, ba daga bakin mai tallar makarantar ba. Na farko, hukumar jihar ta amince da kwas ɗin? A New York Ma'aikatar Ilimi ta jiha ce ke yi wa kwasa-kwasan jinya rajista tana kuma ba da lasisi, a sauran jihohi hukumar jinya ta jiha ce. Idan ba ta cikin jerinsu, ba za a bar ki ki zauna jarrabawar lasisi ba, ko kin biya nawa. Na biyu, tana da tantancewar ACEN ko ta NLN CNEA, wato ƙungiyoyin da ke duba ingancin kwasa-kwasan jinya? Idan babu, ranar da za ki ɗora karatu jami'o'i da yawa ba za su karɓi kiredit ɗinki ba, wato awannin kwasa-kwasan da kika ci, wasu ma'aikatu kuma ba za su ɗauke ki ba. Na uku, kashi nawa na ɗalibanta ke cin jarrabawar lasisi a zaman farko? Hukumomin jihohi suna buga wannan a fili. Abin da ya gaza 80 cikin 100 ni ba na sakin jiki da shi. Ki ƙara da tambayar mutum nawa suka fara, mutum nawa suka gama, domin akwai makarantar da ke ɗibar mutane da yawa, ta karɓi kuɗinsu, ta zubar da rabi a hanya, sannan ta yi ta tallar sakamakon waɗanda suka rage.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Janairun 2023 hukumomin tarayya suka bayyana binciken da suka kira Operation Nightingale: wasu makarantu uku a Fulorida sun sayar da takardun shaidar jinya na bogi sama da 7,600, aka gurfanar da mutum 25 a zagayen farko. Jihohi suka bi sawu suna ƙwace lasisi daga waɗanda suka saya, har da waɗanda suka riga suka ci jarrabawa suna aiki. Duk wanda ya ce miki za ki samu takarda ba tare da kin shiga aji kin kuma tsaya a gefen gadon mara lafiya ba, ki tashi daga wurin. Ga mai girin kad abin ya wuce asarar kuɗi, yana iya taɓa zamanki a ƙasar.

Kuɗi kuwa, a nan kwalejin al'umma ta yi wa kowa zarra. A CUNY, mazaunin birnin New York yana biyan dala 210 a kan kowane kiredit, ko dala 2,400 a zango idan cikakken ɗalibi ne. A&P kiredit huɗu ne, kin ga dala 840 ke nan. Makarantun kuɗi kuwa dubun-dubatar daloli ake magana, galibi da bashi mai ruwa, wanda na san ke ma ba ki so. Tunda kina da girin kad kuma ba ki da digiri, ki cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, kyauta ake cikewa. Tallafin Pell ba bashi ba ne, kuma a 'yan shekarun nan mafi yawansa dala 7,395 ne a shekara, gwargwadon samun gidanku. Jihar New York ma tana da nata mai suna TAP. Wanda ya zo da digirin farko daga gida ba ya samun Pell, wannan ya sha ba 'yan'uwa mamaki. Idan kina cikin ƙungiyar ƙwadago ta 1199SEIU, kamar yadda masu aikinki da yawa suke, ki je ofishinsu ki tambayi asusun horarwa, suna taimaka wa mambobi da kuɗin karatu. Ki yi hattara da abu ɗaya: tallafin yana da iyaka, kuma faɗuwa da janyewa daga kwas suna cinye shi. Kada ki ƙona shi a kan kwasa-kwasan da ba a nema ba, ki zo tsakiyar karatun jinya ya ƙare.

Idan Allah ya sa aka ɗauke ki, za a ba ki 'yan makonni ki kawo takardun lafiya, kuma ana rasa gurbi a kan wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Za a nemi shaidar rigakafin ƙyanda da hangum da ƙarambau da ciwon hanta nau'in B, da sauransu. Yawancinmu katin rigakafinmu na yarinta ya daɗe da ɓata, don haka gwajin jini ake yi a ga ko jiki yana da kariya. Idan babu, a sake allura, kuma ta ciwon hanta mai zagaye uku wata shida take ɗauka. Ki fara tun kina share fage. Sai gwajin tarin fuka. Ki duba damtsenki, akwai ɗan tabon BCG da aka yi mana muna jarirai. Saboda shi, gwajin fata yakan kumbura ya nuna kamar akwai cuta alhali babu. Na taɓa ganin ɗaliba tana kuka a baranda, tana riƙe da hannunta da ya yi jawur, tana zaton an gama da ita. Ki gaya wa likita an yi miki BCG, ki nemi gwajin jini irin QuantiFERON, wanda allurar ba ta ruɗa shi. Idan shi ma ya nuna, sai hoton ƙirji da shawarar likita, kuma ba ya hana karatu in dai cutar ba ta tashi ba. Za a kuma nemi katin BLS na ceton numfashi, galibi na American Heart Association, da binciken tarihin laifi, da gwajin ƙwaya. Duk abin da ya taɓa haɗa ki da kotu, ki faɗa da bakinki. Ɓoyewar ta fi laifin illa a wajensu.

Ki shirya gida kafin ki shirya jaka. Ranar asibiti ƙarfe bakwai na safe ake karɓar rahoto, wani lokaci shida da rabi ake so ki iso, kuma ba ke za ki zaɓi asibitin ko ranar ba. Rashin zuwa sau ɗaya ko biyu yana iya kayar da ke a kwas ɗin gaba ɗaya. Wa zai kai yara makaranta? Idan ɗaya ya tashi da zazzaɓi, wa za ki kira? Ki samu amsa biyu ga kowace tambaya. Makin tsallakewa a kwasa-kwasan jinya yakan kasance tsakanin 75 da 78, kuma wurare da yawa faɗuwa biyu sallama ce. Aikin sa'a arba'in a mako ba ya tafiya da wannan. Ki fara tara abin da zai ba ki damar rage aiki zuwa kwana biyu, ko da ta adashi ne.

Na san akwai tambayar da ba ki rubuta ba. Hijabi ba ya hana. Ni da shi nake aiki. Ki nemi ɗan ƙarami mai kama kai, launin kayan aiki, ki cusa shi cikin riga don kada ya taɓa rauni ko mara lafiya ya ja shi. A ɗakin tiyata akwai irin rufin da suke bayarwa. Dokar ƙasar ta ba ki damar neman sassauci saboda addini, amma ki nema a rubuce tun farkon zango, ba ranar da aka shiga ɗaki ba. Salla takan samu a lokacin hutu. Abin da ba za a ɗauke miki ba shi ne kula da maza. Za ki yi wa namiji wanka, za ki sa masa robar fitsari. Idan wannan yana damun zuciyarki, ki zauna da malamin da kika yarda da iliminsa, da maigida, ku gama maganar yanzu. Bayan kin samu lasisi kina iya zaɓar ɓangaren haihuwa ko na yara, amma a makaranta sai kin zaga ko'ina.

Ƙarshen hanyar shi ne NCLEX-RN, wato jarrabawar lasisin da nake ta ambata. Kuɗin rajistarta dala 200, ban da na lasisin jiha. Tun daga Afrilun 2023 aka sauya mata fasali, tambayoyi daga 85 zuwa 150 cikin sa'a biyar, kwamfuta tana ƙara wuya ko sauƙi gwargwadon amsarki, kuma an ƙara yawan tambayoyin da ke ba ki labarin mara lafiya a ce me kika lura da shi, me za ki fara yi. Ki kuma san cewa a New York an sa hannu a wata doka a Disambar 2017, wadda ta ce sabon RN ya samu digirin BSN, wato na shekara huɗu, cikin shekara goma da karɓar lasisi. Manyan asibitocin birnin ma sun fi son mai BSN. Wannan bai rage darajar hanyarki ba. Kina fara aiki da albashin RN, ki ɗora karatun RN zuwa BSN ta intanet cikin shekara ɗaya ko biyu, sau da yawa wurin aikin ne ma zai biya wani kaso. A ganina, ga mace mai iyali da ba ta son bashi, babu tsarin da ya fi wannan.

Ga 'yan'uwa masu karanta wannan da suka riga suka gama makarantar jinya a Najeriya ko Gana ko Nijar kuma suna da lasisi a can: kada ku fara da ADN. Hanyarku ita ce tantance takardu, galibi ta hukumar TruMerit, wadda a da ake kira CGFNS, sannan hukumar jiha ta duba ko kun cancanci zama NCLEX kai tsaye.

Idan lokacin nema ya yi, kada ki tsaya a kwaleji ɗaya, ki nemi duk wadda dokarta ta ba ki dama kuma ƙafarki za ta iya kaiwa. Ki miƙa komai mako biyu kafin ranar rufewa, domin takardar maki ɗaya da ba ta iso ba tana sa a ajiye fom ɗin gaba ɗaya, ba wanda zai kira ki. Idan ba a ɗauke ki a karon farko ba, ki je ki tambayi inda makinki ya gaza, ki gyara wannan wurin kaɗai. Akwai kuma hanyar LPN, matakin nas da ke ƙasa da RN, kimanin shekara ɗaya, daga nan a haura zuwa RN. Idan kuma aka sa ki a jerin jira, kada ki ɗauka an ƙi ki. Kowace shekara akwai waɗanda ke janyewa a makon ƙarshe, ko takardun lafiyarsu su gaza cika. Wata ɗalibata ranar Alhamis aka kira ta, aka ce ana fara aji Litinin, za ta iya kawo takardunta gobe? Suna cikin jaka tun wata uku da suka wuce. Ki riƙa duba imel ɗin kwaleji kullum, ba naki na gida kaɗai ba, kuma ko lambar da ba ki sani ba ce ta kira a watan Agusta, ki ɗauka.